Kansas ko Missouri: Wane Ɓangare Ya Fi Dacewa da Kamfanin Magungunan Dabbobi?

Kamfanin da ke haɗa magungunan dabbobi ko alluran rigakafi, in ya ƙudurta buɗe reshe a Amurka, ba zai daɗe yana tambaya ba za a nuna masa hanyar Kansas City. Daga garin Manhattan na jihar Kansas a yamma zuwa Columbia ta jihar Missouri a gabas, tafiyar kusan kilomita 400 a kan babbar hanyar I-70, a haɗa da St. Joseph da ke arewa, akwai kamfanoni sama da 300 da ba su da sana'a sai lafiyar dabba da abincinta. A shekarar 2006 'yan kasuwar yankin suka haɗa kai suka raɗa wa wurin suna KC Animal Health Corridor, zirin lafiyar dabbobi ke nan. Masu tallata shi suna cewa kamfanonin da ke cikinsa su ke riƙe da kashi 56 cikin ɗari na cinikin duniya a fannin magungunan dabbobi da kayan gwaji da abincin karnuka da kyanwoyi. Wannan adadi sai an karanta shi da idon basira, domin cinikin kamfani gaba ɗaya aka lissafa, ko a Jamus aka yi shi ko a Faransa, muddin yana da ofis ko masana'anta a yankin. Duk da haka babu wani wuri a duniya da wannan sana'a ta taru kamar nan.

Ba haka kawai abin ya faru ba. Karar shanu ta Kansas City, wadda aka buɗe a 1871 aka rufe a 1991, ta daɗe tana biye da ta Chicago a girma. Inda dabbobi suka taru da yawa cuta na nan, inda cuta take kuma mai magani zai zo ya kafa rumfa. Masu haɗa ruwan rigakafin kwalarar aladu ne suka fara zama a gefen karar, a Kansas City da St. Joseph, kuma manyan masana'antun yau a kan kufansu suka tashi.

Matsalar mai shigowa ita ce birnin a kan iyaka yake zaune. Akwai titi sukutum da ake kira State Line Road: gidan da ke gabas da shi na Missouri ne, wanda ke yamma na Kansas. Ma'aikaci zai kwana a wannan jiha ya yi aiki a waccan ba tare da ya lura ya tsallake komai ba. Amma haraji ba ya tsallakewa. Kowace jiha da dokarta, da irin garaɓasar da take yi wa mai zuba jari, kuma kowace tana son kai ka sauka a wurinta. Hukumar raya tattalin arzikin yankin, KCADC, wadda zirin ke ƙarƙashinta, tana wakiltar gundumomi 18 a jihohin biyu. Za ta zagaya da kai, ta haɗa ka da jami'ai da masu filaye, amma ba ita ke ba da kuɗin ba, ba kuma za ta zaɓa maka ɓangare ba. Zaɓin naka ne.

Kafin a shiga lissafi, akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne mafi yawan masu jin labarin daga nesa suke kuskurewa. Mafi yawan wannan tallafi ba kuɗi ba ne da za a damƙa maka ranar da ka iso. Rangwame ne a kan harajin da kai da kanka za ka haifar bayan ka gina, ka ɗauki ma'aikata, ka fara biyan albashi. Wanda bai zo da jarinsa ba, babu abin da za a rage masa.

Babban makamin Kansas shi ne shirin PEAK. A Amurka kamfani ne ke cire harajin jiha daga albashin ma'aikaci ya miƙa wa gwamnati. A ƙarƙashin PEAK, kamfanin yana riƙe kashi 95 cikin ɗari na wannan kuɗi na sababbin ma'aikatan da ya ɗauka. Sharaɗi shi ne ya samar da guraben aiki aƙalla 10 cikin shekara biyu in a gundumomin birni ne, irin su Johnson da Wyandotte, ko 5 in a wajen birni ne. Albashin kada ya gaza matsakaicin albashin gundumar, kuma kamfani ya biya aƙalla rabin kuɗin inshorar lafiyar ma'aikaci. Tsawon lokacin ya danganta da ƙaurin albashi: ƙaramin aiki yana iya samun har shekara 7, wanda ya ɗauki mutum 100 ko fiye yana iya kaiwa shekara 10.

Missouri ta amsa da nata shirin, Missouri Works, tun 2013. Tsarin kusan ɗaya ne, sai dai a nan kamfani yana riƙe kuɗin gaba ɗaya amma na shekara 5, ko 6 in dama ya daɗe a jihar. Matakin gama-gari yana neman guraben aiki 10 da albashin da ya kai kashi 90 cikin ɗari na matsakaicin na gundumar. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙofarsa ta ƙasa da ta sama. A karkara da wasu unguwanni da aka ware, ma'aikata 2 da jarin dala 100,000 sun isa a shiga. A sama kuma, wanda ya ɗauki mutum 100 da albashin da ya kai kashi 120 ko 140 cikin ɗari na matsakaicin gunduma yana samun kashi 6 ko 7 cikin ɗari na jimlar sabon albashin, kuma abin da ya haura harajin da ya riƙe jihar tana cika masa da ragin harajin da ake iya mayarwa kuɗi.

Mu buga misali, don a ga girman abin da ake magana a kai. A ce kamfani zai ɗauki mutum 40, kowanne dala 70,000 a shekara. Jimlar albashi dala miliyan 2.8 ke nan. A ce abin da ake cirewa na jiha ya kai kashi 4 cikin ɗari, wato dala 112,000. A Kansas zai riƙe kusan dala 106,000 duk shekara. In ya samu shekara 7, ya tashi da kusan dala 745,000. A Missouri zai riƙe duka, amma shekara 5, wato dala 560,000. A takarda Kansas ta yi gaba. Sai dai bambancin bai kai dala 200,000 ba, an kuma baza shi a kan shekara bakwai, ga kamfanin da albashinsa kaɗai ya doshi dala miliyan 20 a wannan tsakanin. Wanda ya zaɓi wurin gina masana'anta saboda wannan bambanci kaɗai, ya yi sakin reshe kama ganye.

Inda tazara ta fara buɗewa sosai shi ne wajen injuna da gini. Masana'antar rigakafi ba shago ba ce. Akwai tankunan renon ƙwayoyin cuta, da na'urar busar da allura da sanyi, da layin ɗura kwalabe a ɗakin da ƙura ba ta shiga, da ɗakunan sanyi, kuma kowannensu miliyoyi ne. A Kansas, injunan kasuwanci da na masana'anta da aka saya bayan 30 ga Yuni 2006 ba a biyan harajin kadara a kansu kwata-kwata. Doka ce, ba alfarma ba, ba sai ka roƙi kowa ba. A Missouri kuwa ana ɗora wa injuna harajin kadara, ana lissafa shi a kan sulusin darajarsu. Ana iya kauce masa ta hanyar takardun lamuni na Chapter 100, inda ƙaramar hukuma ke riƙe mallakar kayan a takarda ta ba ka haya, amma wannan ciniki ne da majalisar gari, da lauyoyi, da zaman jin ra'ayin jama'a, kuma yana da wa'adi. Manyan kamfanoni suna samu ba wuya. Ƙarami kuwa kuɗin lauya ma yana iya cinye ribar.

Kansas ta ƙara da shirin HPIP, wanda ke ba da ragin haraji na kashi 10 cikin ɗari na jarin da aka zuba a gini da injuna, bayan an cire dala miliyan ɗaya ta farko a gundumomin birni, ko dala 50,000 kacal a sauran. Masana'antar dala miliyan 20 a gundumar Johnson za ta samu ragin dala miliyan 1.9. Tarkon da ke ciki shi ne ragi ne a kan harajin riba, kuma kamfanin magani yakan shafe shekaru bai ga riba ba yana jiran lasisi. Don haka aka yarda a ajiye ragin har shekara 16, daga baya kuma aka yarda a sayar da rabinsa ga wani mai biyan haraji a karɓi kuɗi a hannu. Shirin yana kuma ɗauke harajin saye a kan kayan gini da injunan aikin. In aka haɗa wannan da lamunin masana'antu da garuruwan Kansas ke bayarwa, wanda ke iya ɗage harajin kadara na ginin har shekara 10, ba abin mamaki ba ne manyan gine-ginen baya-bayan nan suka karkata can. Hill's ta buɗe sabuwar masana'antar abincin dabbobin gida a Tonganoxie a 2023. A watan Mayun 2025 Merck Animal Health ta sanar da faɗaɗa wurinta na De Soto da dala miliyan 895.

To ina ƙarfin Missouri? A harajin riba yake. Tun 2020 kamfani yana biyan kashi 4 cikin ɗari ne kawai, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a Amurka. A Kansas, bayan ragin 2024, kashi 3.5 ne, da ƙarin kashi 3 a kan ribar da ta haura dala 50,000, wato kashi 6.5 ga duk kamfani mai ɗan ƙwari. A kan ribar dala miliyan 3, bambancin ya kai kusan dala 75,000 duk shekara, kuma wannan ba shi da wa'adin ƙarewa kamar sauran. Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci wanda ba kowa ke lura da shi ba. Missouri tana duba cinikin da ka yi a cikin jihar ne kaɗai wajen tantance kason ribarka da za ta ɗora wa haraji. Kamfanin da ke yin magani a St. Joseph yana sayar da kusan duka a Texas da Iowa da Brazil, ɗan abin da ya sayar a Missouri kawai za a lissafa. Kansas ta daɗe tana haɗa abu uku, kadara da albashi da ciniki, wanda hakan ke hukunta mai babban gini da ma'aikata da yawa. A 2025 ta yi dokar komawa tsarin ciniki kaɗai daga 2027, alamar ta gane inda takalmin ke matsa mata.

Sai dai a yi hattara da birnin Kansas City na ɓangaren Missouri kansa. Yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari a kan albashin duk mai aiki ko mai zama a cikinsa, da kuma ribar kasuwanci. St. Joseph da Columbia da Blue Springs ba su da wannan.

Wajen kuɗin bincike kuwa kusan kunnen doki ne. Daga 2023 Kansas ta ɗaga ragin harajin bincike zuwa kashi 10, ana kuma iya sayar da shi. A shekarar ce Missouri ta farfaɗo da nata, kashi 15 na ƙarin abin da aka kashe, ko 20 in an yi aikin da wata jami'ar jihar, amma tukunyar duka dala miliyan 10 ce a shekara ga kowa da kowa, mai rabo ka ɗauka.

Ƙaramin kamfani mai sabon magani, wanda bai fara sayar da ko kwalba ɗaya ba, duk wannan zancen bai dame shi ba. Shi jari yake nema. Kansas tana ba wa masu kuɗin da suka zuba jarin farko a ƙananan kamfanonin jihar ragin harajin da zai iya kaiwa rabin abin da suka zuba, wanda hakan ke sa attajiri ya saki hannu da wuri. Missouri ta bi wata hanya: hukumar Missouri Technology Corporation tana sayen hannun jari da kanta, da sharaɗin ka kawo wani mai zuba jari ya sa nasa daidai. Ni a ganina tsarin Kansas ya fi wa wanda ya riga ya san masu kuɗi a yankin, na Missouri kuma ya fi wa baƙo, domin hatimin hukumar jiha a kan takardunka yana buɗe ƙofofin da da ba za su buɗu ba. Akwai kuma darasi a tarihin Kansas Bioscience Authority, hukumar da jihar ta kafa a 2004 don zuba kuɗi a irin waɗannan kamfanoni. Ta yi tashe, ta taimaka wajen jawo manyan ayyuka, sannan siyasa da ƙarancin kasafi suka ci ta, aka sayar da kadarorinta a 2016. Duk shirin da majalisar jiha ta kafa, majalisar jiha na iya rushe shi. Kuma ko wane ɓangare ka zauna, dandalin masu zuba jari da zirin ke shiryawa kowace shekara a ƙarshen Agusta, tun 2009, a buɗe yake ga kamfanoni daga ko'ina a duniya. Kamfanin Aratana, wanda aka kafa a yankin a 2010 kuma Elanco ta saye shi a 2019, shi ne misalin da ake yawan bugawa na ƙaramin da ya girma a nan.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi haraji nauyi: kusanci da wanda za ka yi aiki da shi.

Ƙarshen yamma, Manhattan, shi ne gidan kwalejin likitocin dabbobi ta Jami'ar Jihar Kansas, wadda ta faro tun 1905. Kusa da ita gwamnatin tarayya ta gina NBAF, cibiyar binciken cututtukan dabbobi masu haɗari, a kan dala biliyan 1.25, aka yi bikin buɗe ta a watan Mayun 2023, don ta gaji tsohuwar cibiyar Plum Island ta New York. Ita ce ta farko a Amurka mai ɗakunan gwaji masu tsaro na mataki na huɗu, mafi tsauri, da za su ɗauki manyan dabbobi irin shanu. Kansas ta zuba dala miliyan 307 daga aljihunta don ta samu wannan cibiya, garin Manhattan ya ƙara miliyan 5. Wannan shi ne tallafi mafi girma da jihar ta taɓa yi wa sana'ar, ko da yake bai shiga asusun wani kamfani ba. Cututtukan da aka gina ta dominsu, irin su boru da zazzaɓin aladu na Afirka da zazzaɓin Rift Valley, baƙi ne a Amurka, amma makiyayin Arewa da likitan da ya yi horo a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom sun san wasunsu ido da ido. Mai aiki a kan rigakafin cututtukan da ke tsallaka iyaka, Manhattan ce alƙiblarsa, ga kuma fa'idar cewa gundumar Riley ba a cikin jerin na birni take ba, don haka ƙananan sharuɗɗan PEAK da HPIP ne suka hau kanta. Jami'ar tana kuma da reshe a Olathe tun 2011, wanda masu zaɓe a gundumar Johnson suka yarda a 2008 a ƙara musu ɗan harajin saye don a tallafa masa, yana horar da ma'aikata har a kan sanin ƙa'idojin neman lasisin magani.

Ƙarshen gabas, Columbia, halinsa daban. Jami'ar Missouri tana da kwalejin likitocin dabbobi da ta likitocin mutane da ta noma a haraba ɗaya, ga tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin megawat 10, wadda ke samar da sinadaran maganin cutar daji. Mai maganin dajin karnuka, ko kayan gwaji, ko duk wani abu da zai fara a dabba ya ƙare a asibitin mutane, nan ya fi masa. St. Joseph kuwa garin masana'anta ne tsantsa: Boehringer Ingelheim tana nan da katafariyar masana'antar rigakafinta, ga Nestlé Purina, ga cibiyar renon ƙananan kamfanoni mai ɗakunan gwaji a Jami'ar Missouri Western. In kana neman mutumin da ya shekara goma sha yana ɗura rigakafi a kwalba ba tare da ya gurɓata ko ɗaya ba, a wannan gari za ka same shi.

Irin dabbar da za ka gwada maganinka a kanta ma tana da ta cewa. Shanun Kansas sun kai kusan miliyan 6, ninki biyu na mutanen jihar, kuma yammacinta cike yake da manyan gidajen turka inda dubban bijimai ke tsaye wuri ɗaya ana ɗura musu abinci. Ciwon huhu na shanun turka a can ake gwada maganinsa. Missouri ta fi ƙarfi a shanun haihuwa da ke kiwo a fili, da aladu da talo-talo.

Akwai wurin da ke nuna yadda iyakar take da gaske. Elwood ƙaramin gari ne a Kansas, kogin Missouri kaɗai ya raba shi da St. Joseph, gada ce tsakani. A nan Elanco ke haɗa maganin cutar parvo ta karnuka, a masana'antar da ta gada lokacin da ta sayi Kindred Biosciences a 2021, kuma a 2024 ta sanar da ƙara dala miliyan 130 a wurin. Ma'aikaci na iya fitowa daga gidansa a St. Joseph da safe, ya hau gada, cikin 'yan mintoci yana bakin aiki a wata jiha. Kamfanin yana cin dokar injuna ta Kansas, yana kuma ɗibar ƙwararru daga kasuwar ma'aikata ta Missouri. Mai wayo yakan nemi irin wannan gurbi, ba ya ɗaukar zaɓin a matsayin ko wannan ko wancan.

Jihohin biyu sun taɓa mayar da wannan kusanci abin kunya. Shekaru da dama suna sace wa juna kamfanoni da rangwame, kamfani ya matsa 'yan kilomitoci ya tsallake titi, a kira ma'aikatansa na da "sababbin guraben aiki". Gidauniyar Hall Family ta lissafa sama da dala miliyan 300 da aka yi asararsu a wannan jeka-ka-dawo, alhali yankin bai ƙaru da komai ba. A 2019 Gwamna Mike Parson na Missouri da Gwamna Laura Kelly ta Kansas suka yi sulhu, aka daina ba da tallafin jiha ga mai tsallake iyaka a cikin gundumomin birnin. Sulhun bai shafi mai zuwa daga waje ba. Kai da ka taho daga wata ƙasa ko wata jiha, kana da damar sa su yi takara a kanka, kuma ya kamata ka yi. Amma ka ɗauka sau ɗaya za ka ci wannan kasuwa. Kada ka shiga da tunanin in wa'adin rangwamen ya ƙare za ka tsallaka titi ka karɓi sabo.

Ko da an ba ka dama ma, masana'antar magani ba ta tashi da sauƙi. Lasisin rigakafi, wanda cibiyar ma'aikatar noma da ke Ames ta jihar Iowa ke bayarwa, a ɗaure yake da ginin da aka duba da yadda ake aiki a cikinsa. Magunguna kuma hukumar abinci da magunguna, FDA, ce ke kula da su, na kaska da ƙuma da ake shafawa a jiki da yawansu suna hannun hukumar kare muhalli, EPA. Canja wuri na nufin sake dubawa da sake tabbatarwa, wata da watanni. Dubi abin da ya faru: bayan Boehringer ta haɗe da Merial a 2017, hedkwatarta ta Amurka ta koma Duluth a jihar Georgia, amma masana'antar St. Joseph ba ta motsa ba. Masana'antar Bayer ta Shawnee ta koma hannun Elanco a 2020, ta koma hannun TriRx a 2021, ginin yana inda yake. Rangwamen albashi shekara 5 ne zuwa 10, ginin kuwa zai ga jikokin wanda ya sa hannu a takardar. Saboda haka abin da ke dawwama, wato dokar injuna a Kansas da ƙaramin harajin riba a Missouri, ya fi cancantar a auna shi da kyau fiye da abin da ake shela a taron manema labarai.

Akwai kuma maganar ƙungiyoyin ƙwadago. Kansas tun 1958 ta hana tilasta wa ma'aikaci shiga ƙungiya, masu zaɓe a Missouri kuwa sun yi watsi da irin wannan doka a 2018. Ga ofis ko ɗakin gwaji bambancin ba ya da wani tasiri. Ga babbar masana'anta, manajoji suna sa shi a lissafi.

In za a tambaye ni, ga yadda zan raba. Mai gina masana'anta da injuna masu tsada, wanda ya san zai jima bai ga riba ba, ya fara duba Kansas, musamman gundumomin da ba na birni ba. Mai ofishin talla da rarraba kaya, wanda ake yi masa magani a wani wuri kuma ribarsa za ta fara shigowa da wuri, Missouri ta fi masa, ga sabon ginin fasinjoji na filin jirgin sama da aka buɗe a Fabrairun 2023 a ɓangarenta, sai dai ya lissafa kashi ɗayan nan na birni. Mai ma'aikata biyu ko uku ba shi da shiga PEAK ko kaɗan, amma ƙofar karkara ta Missouri za ta karɓe shi. Mai bincike kuwa ya bi farfesan da zai yi aiki da shi, haraji ya biyo baya.

Ga ɗan kasuwa ko likitan dabbobi daga ƙasashenmu akwai tambaya da ke gaban duk waɗannan: wa zai sayi kayanka? Kasuwar Amurka ta karkata ne ga karnuka da kyanwoyi, sai shanun turka da aladu da kaji na manyan gonaki. Maganin sammore ba shi da mai saye a Kansas, kuma babu jihar da za ta ba ka rangwame don ka yi ciniki a Maiduguri ko Maraɗi. Wanda kasuwarsa ke gida, abin da zai nema a zirin shi ne abokin hulɗa: kamfanin da zai ba shi lasisin fasaha, ko ya haɗa masa magani bisa kwangila, ko jami'ar da ke neman wurin gwaji inda cutar take da gaske. Wannan tikitin jirgi yake buƙata da halartar taron Agusta, ba gini ba. Wanda kuma yake son kafa reshe da gaske, ya fara da maganar biza. Bizar masu zuba jari ta E-2 sai ga 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Amurka. Kamaru na ciki, Najeriya da Nijar da Gana ba sa ciki. Ɗan Najeriya mai kamfani a gida yakan bi ta L-1, wadda ke ba da damar tura manaja ya buɗe sabon reshe. Tun 2025 kuma an ƙara tsaurara shiga ga 'yan ƙasashe da dama na Afirka, har da Chadi da Sudan.

Abu na ƙarshe shi ne tsarin takardu, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Jihohin biyu suna ba da rangwamen ne a kan hujjar cewa ba don shi ba da ba ka zo ba. Missouri Works na buƙatar ka miƙa takardar bayyana niyya kafin ka ɗauki ma'aikaci na farko. HPIP na buƙatar bayanin aikin ya isa ma'aikatar kasuwanci ta Kansas kafin ka ɗaure kanka da kashe kuɗin. Wanda ya sa hannu a hayar gini, ko ya yi odar injuna, ko ya fita ya yi shela a jarida sannan ya je neman tallafi, ana iya ce masa ai ka riga ka zo. A nemi tayin jihohin biyu a rubuce a lokaci ɗaya, tare da na garin da za a zauna, a ba akanta wanda ya san harajin jihohin ya baza su a kan shekara 20, ya kuma karanta sashen da ke faɗin abin da za a mayar wa gwamnati in adadin ma'aikatan da aka yi alkawari bai cika ba.